Na binne cikin Yayata, ita kuwa tana tara itacen jego

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu, iyayena da yayyena da ƙannena. Ya gida, ya yara, ya aikin kaka? Allah ya ba mu sa'a. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe. In ya kai ƙarshen ya ga zagin ne ya dace da ni, to ya zaga, ba zan ce komai ba, ni yanzu ko an zage ni ba na jin zai shiga jikina. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya a firamare, sauran a wayar nan na koya. Kuma ni mai dogon zance ce, duk unguwarmu an sani.

Ni matar aure ce a nan Kontagora. Ba na zuwa ko'ina, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi a cikin gida, masu saye su same ni. Maigidana sayen hatsi yake yi, yau yana kasuwar Zugurma gobe yana wani ƙauyen, bai cika kwana biyu a jere a gida ba. Maganar a kan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take ce mini har yau da furfura ta fara fito mini.

Yaya ta yi aure a wani ƙauye bayan Nasko. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, mijinta kuwa mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya a kan haka ba. Shekarar da na samu cikin 'yata ta fari, bari in kira ta Ladi, ita ma Allah ya ba ta. Tare muka yi laulayi, ni a gari ita a ƙauye, tana aiko mini da tsamiya ina aika mata da lemun tsami. Cikinta ya fito, yana motsi, ni da hannuna na taɓa na ji ya harbe ni. Ana tsakiyar damina maciji ya sari mijinta a gona, kafin a samu mashin a fito da shi titi rai ya yi halinsa. Tana cikin takaba ciwon mara mai tsanani ya kama ta, ta yi ta zubar da jini, daga nan motsi ya tsaya cak. Ba wanda ya yi zancen asibiti, a lokacin ma hanyar ba ta biyuwa. Yaya ta daina cin abinci, ta juya wa kowa baya tana kallon bango, in an kawo kunu ta ce a ba kaji. Wallahi mun cire rai da ita. Sai wata tsohuwar ungozoma, Allah ya jiƙanta, ta zo ta lalluba cikin ta ce, “Ke, tashi ki ci tuwo. Yaron nan bai mutu ba, kwanciya ya yi. Ya ji uban ya tafi ne ya yi fushi. In kin kashe kanki da yunwa, wa zai tashe shi?” A ranar Yaya ta cinye malmala biyu har da suɗe kwano.

Kun dai san kwantaccen ciki, ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Kowa yana da wata gwaggo ko maƙwabciya da aka ce cikinta ya kwanta shekara biyu ko uku ya tashi ta haihu lafiya. To na Yaya ya kwanta bai tashi ba. Cikin ya ɗan sassabe, ya bar wani dunƙule mai tauri a gefen hagu ƙasan cibiya, in ka taɓa kamar ka taɓa ɗan dutsen niƙa. Al'adarta ta dawo, tsofaffi suka ce ai shi ya sa ba ya girma, jinin da zai sha ne yake zubewa. Na haifi Ladi, na yaye ta, na yi mata ƙanne, ta shiga makaranta, bana ta gama sakandare, shi yana nan inda yake. Sarkin Barci Yaya take ce masa. In ta zo ganinmu sai ta daki cikin da tafin hannu ta ce, “Kai Sarkin Barci, tashi ka gaida sa'arka, ga ta nan ta fi uwarka tsawo, kai ko kunya ba ka ji.” Ladi ta ce, “Inna, in ya fito ni ce babba fa.” Ta ce, “Ƙarya kike, da wata guda ya riga ki shiga ciki, ragwanci ne ya hana shi fitowa.” Mu yi ta dariya. Ni ma ina dariyar, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina ko na yarda ko ban yarda ba. Abin ya zama kamar ɗan gida ne da ya yi tafiya.

Manema sun zo mata, har da wani mai injin niƙa da ya yi ta sintiri. Ta ce, “Kun taɓa ganin an ɗaura aure da ciki?” Limamin ƙauyen da kansa ya aiko matarsa ta gaya mata shekarun da shari'a ta yarda ciki ya kwanta sun wuce tuni, iddarta ta ƙare. Yaya ta ce a gaishe da Liman, a tambaye shi sau nawa ya taɓa ɗaukar ciki. Haka ta zauna a ɗakin mijinta tana tsintar ƙwarar kaɗanya tana yin man kaɗe, garmarsa tana rataye a bango, ta ce ta mai ita ce. Asibiti kuwa ko ciwon me take ba ta yarda a haska cikinta, wai hasken na'ura zai firgita shi.

Bana da damina ta yi nisa aka kawo mini ita a mota, an kwantar da ita a kujerar baya. Cikin ya kumbura kamar ganga, ba ta bayan gida, ko iska ba ta fita, amai take yi kore shar mai wari. Maigida ba ya nan, ni da Ladi muka kai ta asibiti. Ba ta da ƙarfin yin gardama, aka sa mata roba ta hanci, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka ɗauki hoto. Ina zaune a benci na ga mai ɗaukar hoton ya fito da sauri ya kira wani, wanin ya kira wani. Ni kuwa Allah ya yi ni da kunne, ko ana raɗa a bayan ƙofa ina tsinta. Ban ji Turancin ba, amma na san muryar mutumin da ya ga abin da bai taɓa gani ba. Can sai likitan ya ce ina mai jinyar matar nan. Wani dogo ne, ina jin Banufe ne, Hausarsa in ya zo kan mace sai ya ce shi. Ya ja ni gefe kamar yadda aka saba, tunda ba a faɗa wa marar lafiya magana mai nauyi, dangi ake faɗa wa. Ya ɗaga hoton a taga ya ce, “Mama, duba nan.” Na duba. Ko ni da ban yi karatu ba na ga kai, na ga haƙarƙari jere kamar haƙoran mataji, na ga ƙashin baya ya lanƙwashe.

Na ce, “Ai Sarkin Barci ne.” Wallahi abin da ya fito bakina ke nan.

Ya ce wane ne haka, na ba shi labari a taƙaice. Sai ya ce, “Mama, yaron nan ya mutu tun lokacin da motsi ya tsaya. Tun farko ma ba a cikin mahaifa ya zauna ba, a waje ya zauna, tsakanin hanji. Da ya mutu ba shi da hanyar fita. Sai jiki ya yi ta lulluɓe shi da wani abu kamar ƙashi, don kada ya ruɓe ya kashe uwar. Ya zama dutse. Ni a littafi kawai na taɓa ganinsa, ban zaci zan gani da idona ba. Yanzu hanji ya manne a jikinsa ya naɗe, shi ya toshe. In ba mu shiga mun cire ba, ba zai kai jibi ba.” Yaya yake nufi. Na ce to. Ya ce ko ina da tambaya, na ce babu. Ya ce, “Ku kuka san yadda za ku gaya masa.”

Na koma wurinta, tana kan gadon nan da ake turawa, leɓenta ya bushe ya tsage. Ta ce, “Auta, me suka gani?” Na ce, “Hanji ne ya naɗe, Yaya, za su warware.” Ta ce, “Shi fa?” Na ce, “Yana nan.” Ta kama wuyan hannuna, ban san inda ta samu ƙarfin ba, ta ce, “Ki gaya musu hanjin kaɗai za su taɓa. In kuma suka cire shi, kada ki bari su tashe ni. Kin ji ko? Ki ce su bar ni in bi shi.” Na ce na ji. Da me zan amsa? In ce mata a'a, za su cire, ta ƙi aikin, ta mutu a hannuna da kore a baki? Ta dangwala musu yatsa a takardar yarda da aikin a kan maganata, aka tura ta ɗakin tiyata. Wannan ce ƙarya ta farko, kuma har yanzu ban san ko ita ma laifi ce ba.

Aikin ya daɗe, har na yi azahar a barandar na yi la'asar. Da suka gama likita ya sa aka shigar da ni wani ɗan ɗaki. Mutane sun cika shi, masu fararen kaya da masu shara, kowa ya ɗaga waya, ya daka musu tsawa suka fita. Yana cikin wani faranti na ƙarfe. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Bai kai girman kwakwa biyu ba, launinsa kamar ƙashin da ya daɗe a rana. Ya dunƙule, gwiwa a ƙirji, hannu ɗaya a kan fuska kamar mai kare haske. Akwai kunne. Kunnen ne na tsaya ina kallo, ɗan ƙarami, da lanƙwasarsa da komai. Likita ya ce sun yanke wani yanki na hanjin da ya lalace sun haɗa, sun cire abin da ya manne ta gefen hagu, Yaya za ta tashi in Allah ya so, amma maganar haihuwa a shekarunta a bar ta. Sannan ya ɗan sosa ƙeya ya ce ko za mu yarda su ajiye shi a kwalba, don ɗalibai su gani, irinsa ba a samu. Na ce, “Likita, ɗan mutane ne. Yana da uba, yana da dangi.” Ya ce gaskiya ne, in yi haƙuri.

Wata Sista ce ta naɗe mini shi, Kirista ce 'yar wajen Dukku, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ta sa shi a kwalin robobin ƙarin ruwa ta rufe. Na roƙe ta kada kowa ya gaya wa Yaya sai ta yi ƙarfi, ni zan gaya mata da bakina. Ta ce, “Na ji, Mama, zan faɗa wa sauran. Amma kada ki daɗe. Irin wannan maganar in ta kwana, nauyi take ƙarawa.” Washegari da hantsi, Yaya tana ɗakin da ba a barin dangi su shiga, na bar Ladi a benci na ce zan je in ɗauko zannuwa. Na hau keke napep da kwalin a cinyata. Mai keken ya faɗa rami, na ji bakina ya ce, “A hankali mana, malam, da yaro.” Ya waiwayo ya kalli kwalin ya kalle ni, ya rage gudu.

Yara suna makaranta, gidan ba kowa. Wa zan kira? In na kira maza a kai shi maƙabarta, kafin la'asar duk unguwa ta ji, kafin Yaya ta buɗe ido labari ya riga ni zuwa gadonta. Sai na tuna a ƙauyenmu ɓari da mabiyiya a bayan ɗaki ake binne su. Akwai wata gwaiba a bayan madafina, ƙasar wurin da laushi saboda ruwan sama. Na ɗauki fartanya na haƙa har gwiwa. Na wanke shi da ruwan ɗumi, ban san dalili ba, dutse ne, amma na wanke, har bayan kunnen. Na yaga sabon farin ƙyalle na naɗe shi, na kwantar da shi yana kallon gabas, na ce bismillahi, na mayar da ƙasa na daddanna da ƙafa. Ban yi kuka ba. Na tsaya ina jira kukan ya zo, bai zo ba. Na wanke fartanya, na ɗauki zannuwa, na koma asibiti, a hanya har na tsaya na sayi ayaba.

Da aka fito da ita ɗakin mata, idonta bai gama buɗewa ba ta kai hannu kan cikin. An naɗe shi da bandeji mai kauri, ga kumburin aiki, ba abin da za ta ji. Ta ce, “Ba su taɓa shi ba ko?” Sista tana tsaye tana gyara robar ruwa, ta kalle ni. Na ce, “Ba su taɓa ba, Yaya.” Ta ce alhamdulillahi, ta koma barci. Na ce a raina sai ta fara shan ruwa. Da ta fara sha na ce sai ta fara cin abinci. Da ta fara ci na ce sai an cire ɗinki. Maigida ya dawo na ce masa ƙari ne aka cire. Ladi ma haka na gaya mata.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne bakin masu jinya. Labari ya zaga asibitin cewa an cire wa wata mata ɗan dutse, amma ba su san wace ba, wasu na cewa Bafulatana ce daga ruga, wasu na cewa an wuce da ita Minna. Wata rana matar gadon kusa da mu tana ba da labarin, tana ƙara gishiri, wai har da haƙora da gemu, wai asiri aka yi mata. Ni ina ɓare lemu, ban ko ɗago kai ba. Yaya ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Allah sarki, baiwar Allah. Allah ya ba ta haƙuri. Kin ji, Auta, wata jarrabawar ta fi wata.” Na ce ƙwarai kuwa, na miƙa mata lemun.

Aka sallame mu na kawo ta gidana ta yi jinya. Kun san inda ta zaɓa ta riƙa shimfiɗa tabarmarta? Gidan nan akwai baranda, akwai inuwar zaure, amma ta ce ita gindin gwaiba, wai iskar wurin ta fi daɗi. A nan take wuni tana taya ni ɓarar gyaɗa, ni ina suya a madafi ina hango ta ta taga, zaune daidai kan wurin. Ina kallo kamar ina kallon gidan wasu.

Bayan ciwon ya warke, wata safiya ta kira ni ɗaki ta ce in turo ƙofa. Ta kwance zani, ta kama hannuna ta ɗora a gefen hagu, ƙasan cibiya, kusa da tabon. Ta ce, “Ina dutsen?” Na ce shi ke nan, yau asirina ya tonu, har na ji wani sanyi kamar an sauke mini kaya. Na buɗe baki zan yi magana sai na ga tana murmushi, irin wanda rabon da in gani tun mijinta na da rai. Ta ce, “Ya tashi, Auta. Taɓa ki ji, ya yi laushi. Wuƙar da suka sa kusa da shi ce ta farkar da shi. Kuma tun kafin ciwon nan ban ga al'ada ba, jinin ya tsaya, ya fara sha. Jiya ma na ji ya motsa.” Jama'a, Yaya ta doshi hamsin, al'ada tafiyarta ta yi, motsin kuwa hanji ne da aka ɗinka yake aikinsa. Na san wannan sarai. Kun san me na ce? Na ce, “Ikon Allah.” Ta rungume ni tana kuka tana dariya, ni kuwa ina kallon ƙusar da ke bango ina tunanin ban jiƙa gyaɗar gobe ba.

Tun daga ranar Yaya ta zama wata. Tana ci, ta yi ƙiba, tana waƙa in tana shara. Ta aika ƙauye aka sayar da man kaɗenta, ta fara sayen itace wurin matan Fulani masu kawowa, manyan guma-gumai na wankan jego, wai ba za ta ɗora wa mijina nauyi ba. A gindin gwaiba take jera su, yanzu tarin ya kai ƙuguna, ya rufe wurin ruf, ta matsar da tabarmarta gefe tana jingina da shi. Ta sa an kawo garmar mijinta tana ƙarƙashin gadonta. Ta ce in daka mata yajin jego, na daka, da citta da kanumfari da masoro, na tankaɗe na zuba a gwangwani. Maƙwabta suna shigowa, wasu su yi mata barka da gaske, wasu su yi barkar suna taɓa juna. Maigida ya ce mini, “Maman Ladi, anya abin nan na Yaya? Ba ƙari kika ce an cire ba?” Na ce ƙarin daban cikin daban. Ya ce to, Allah ya raba lafiya. Ni da ake cewa bakina ba ya riƙe ko kuɗin cefane, ga shi na riƙe kabari.

Ba na jin komai, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ina hira da masu sayen mai, ina ba su dariya kamar da, amma muryar kamar daga rediyon maƙwabta take fitowa. Abinci ba ɗanɗano. Ina sallah sai in tsinci kaina a zaune ban san raka'a ta nawa ba ce. Sau ɗaya na gwada gaya mata. Muna ɓarar gyaɗa, bayanta a jikin itacen, na ce, “Yaya, kin tuna matar nan ta asibiti, da aka cire wa ɗan dutse?” Ta ce, “Kullum tana cikin addu'ata. Ko ina aka binne mata shi, oho. Allah dai ya sa sun nuna mata shi kafin su rufe. Uwa ko gawa ce tana so ta ga fuskar abin da ta ɗauka.” Na ce amin. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta faɗa. Shekarun nan duka tana ɗauke da shi tana yi masa hira, ni na ga kunnensa, masu shara sun gani, yana cikin wayoyin mutanen da ba su san sunanta ba, ita kaɗai ce ba ta gani ba. Wa ya ba ni wannan ikon?

Abin da ya sa na rubuto yanzu, Ladi ce ta ce, “Inna, tunda ya tashi ai sai ki fara awo, a haska a ga kwanciyarsa, shekarunki sun ja.” Yarinya ba ta san komai ba, gaskiyarta ta faɗa. Na yi zaton Yaya za ta ƙi kamar kullum, sai ta ce, “Da yana barci ne ba na son a dame shi. Yanzu kuwa bari in ga fuskar ɗan rainin wayon nan da ya shanya ni.” Alhamis ake awo, kuma asibitin nan dai take so, wai hannunsu da albarka. Katinta yana can da komai a ciki, Sistar nan tana can. Na ce mata mu bari sai wani makon, ta ce in ina da aiki Ladi ta raka ta. Ko ba su buɗe katin ba, na'urar za ta nuna ba kowa a ciki, a gaya mata a gaban yara masu ciki sa'o'in Ladi, bayan ta bi layi da su tana ba su shawara.

In na gaya mata kafin nan, ina tuna matar da ta juya wa duniya baya tana cewa a ba kaji kunu, kuma wannan karon babu ungozomar da za ta ce tashi ki ci. Ina tuna hannunta a wuyan hannuna tana cewa kada a tashe ta. Ni na sa aka tashe ta. In ban gaya mata ba, baƙo zai gaya mata, ta juyo ta kalle ni, ni da ta goya, ta san na daka mata yaji ina sane. In kuma na faɗa, in tsaya a ya mutu, ko in nuna mata inda yake? In ta ce a kwashe itacen a tono shi ta gani fa? Malamai da ke wannan shafi, binnewar da na yi ni kaɗai, mace, ba salla ba suna, ta yi ko da sauran hakki a kaina? Masu aikin asibiti, kun taɓa ganin wadda aka gaya wa irin wannan ta ci gaba da cin abinci?

Yanzu haka da nake rubutun nan ta wanke atamfarta mai ruwan ganye, wadda take sawa ranar Sallah, ta shanya a igiya don Alhamis. Tana zaune a gindin gwaiba tana saƙa 'yar hula da ulu, ta ɗago ta nuna mini ta taga, ta ce, “Auta, kin haihu kin san girman kai, wannan za ta shige shi?” Na kalli hular. Ni na wanke kan, na san girmansa, ta yi masa yawa. Na ce mata ina zuwa, mai yana wuta.

Don Allah, jama'a, me zan yi?